Takarkarin Mushe

Har yau in manja ya sha rana a cikin garwa, ya fara wannan warin nasa mai nauyi, sai in ji wuyana ya sage. Shekaranjiya a tasha wata mata ta sauke garwa daga mota, murfin ya saki, man ya bi ƙasa. Mutane na ta yi mata jaje, ni kuwa na tashi na koma inda iska ba ta kawo warin. Yaran tasha suka ce Baba ba ya son manja. Ina cin manja, a miya, a wake, a komai. Wanda ya sha rana a bisa kan mutum ne ba na so. Tun da ka zauna karanta wannan, bari in gaya maka dalili, kuma ba zan yi maka kwalliyar magana ba, don ban yi karatun da zan iya ta ba.

A Gaya aka haife ni, lokacin Anasara na mulki, gada ba ta zo ba tukuna. Gidanmu gidan fatake ne. Baba yana ɗaukar gishirin Foga a bisa dabbobi, ya kai Kamba can ƙetaren iyaka, inda Ingilishi ke mulki, ya dawo da goro da yadi. Tsakar gidanmu kullum akwai warin gishiri da na kaba da na kashin shanu. Da damina dabbobi su huta, maza su tafi gona. Da kaka a ɗaure kaya, a tashi. Mahaifiyar Baba, wadda muke ce wa Kaka, ƴar Zabori ce, doguwa, mai kaifin baki. Ita ke dafa mana muruci, tana ɓarewa tana zagina da wasa, wai wane irin miji ne ni, ci kamar na mutum uku, ko zane ban taɓa saya mata ba.

Shekarar da kumandan, Anasaran da ke mulkin garinmu, ya ce kowane gida ya ba da yaro a sa shi lakol, wato makarantar boko, wana ya riga ya fara bin dabbobi, ƙanena kuma mai yawan ciwo ne. Sai aka ba da ni. Na riga na wuce shekarun shiga, na daɗe da yin famfara, na fi kowa a kilas tsawo. Baba bai so ba. Ya ce dai in je in zauna musu har su gaji su sako ni.

To amma na so abin. Wannan ina so ka riƙe shi, don nan gaba kada ka ce dama can daƙiƙi ne. A shekarun farko malamanmu sun dake ni kamar yadda suke dukan kowa, kuma na koya kamar yadda kowa ke koyo. Lissafi, wanda muke kira kalkil, ba ya ba ni wuya. Akwai taswira a bango, in an fita shan iska sai in tsaya ina bin gulbinmu da yatsa, daga inda ya fito har inda ya faɗa teku. Abokin zamana ɗan tafintan kumandan ne, siriri, mai yawan majina. Rabin kalkil ɗinsa daga allona yake kwasa.

Haka har muka kai kilas na ƙarshe, wanda daga shi ake zaɓen masu zuwa Doso su yi jarrabawar shiga kolej a Yamai. A nan muka faɗa hannun Mushe. Duk malamai mushe muke ce musu, kalmar girmamawa ce ta Faransanci, amma shi in an ce Mushe kawai, kowa ya san da wa ake. Mutumin Dahome ne, daga can bakin teku, gajere, mai tabarau, riga da wando farare kullum da guga. Faransancinsa ko kumandan ba ya gyara masa. Hausa da Dendanci, harshen mutanen bakin gulbinmu, kuwa sai na sayen albasa.

Ranar da aka koma makaranta, an fara yankan gero, ya jera mu a fili yana duba mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina sai ya ɗaga kai sama. Ya kama damtsena ya matsa, daidai yadda na saba ganin Baba na yi a kasuwar dabbobi. Ya juya ya tambayi wani yaro da Faransanci, wai saniyar nan da ke ɗaukar kaya, yaya ake ce mata a nan.

Yaron ya ce, "Takarkari, Mushe."

Ya maimaita kalmar, ya ji ta yi masa daɗi a baki. Ya buga bayana ya ce, "To, ga takarkarina."

Kilas ta fashe da dariya. Ni ma na yi. Ba da zafi ya faɗa ba, fuskarsa a sake take, har na ji kamar ya zaɓe ni ne a cikin kowa. Ya ba ni wurin zama a can baya, bakin ƙofa, wai kada in tare wa ƙanana tablo, wato babban allon bango.

Mushe ba ya cin abincinmu. Garinsa da manjansa da doyarsa duk daga gida ake aiko masa, mota ta kawo su ƙetaren gulbi, jirgin fito ya tsallako da su. Jirgin kuwa ba shi da lokaci, sai ya cika. Sai ya zama duk ranar da ake sa ran kaya, da mun shiga kilas ya ɗaga mini gira, in tashi in fice. Ba nisa tsakanina da ƙofa. Da safe ake kalkil da dikte, wato rubutun da malami ke faɗa kana rubutawa, su ne kuma ake tambaya a Doso. Ni da safe ina mafita, can bakin gulbi inda jirgin fito ke tsayawa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, mafita ta yi mini daɗi. Hayaƙin masu banda kifi, mata na wanki suna ihu da Dendanci, ƴan duwan masu binciken kayan fatake na zaune a inuwa suna hamma, wani lokaci dorina ta ɗago kai can tsakiyar ruwa. Da sanyi gulbi ya cika ya yi faɗi, da bazara ya ja baya ya bar yashi mai ƙona ƙafa. In jirgi ya iso in naɗa gammo, a ɗora mini garwa, in hau tudu zuwa gidan Mushe. Man ya narke da rana, ya biyo gefen garwa, ya sauko ta bayan kunnena, ya shiga wuyan riga. Rigar makarantata ba ta sake yin fari ba. Matarsa takan zuba mini abinci a kwano, Allah ya saka mata. Shi kuma a gaban kilas ya ce su dube ni, ba wanda ke ɗaukar kaya kamar ni, ban taɓa zubar da ko ɗigo ba. Yabo ne, kuma na sha shi kamar ruwa. Daga kayan gulbi aka wuce itace, daga itace ban-ruwan lambun makaranta, daga nan shafa farar ƙasa a duwatsun hanya in babban baƙo zai zo.

Ranakun da nake kilas, ga yadda ake yi. Mushe ya karanta tambaya, kowa ya duƙa a kan allonsa, ya buga tebur, kowa ya ɗaga allo sama. Sai ya bi layi yana dubawa. Wannan ya ja masa kunne, wancan ya ce ya fito. In ya iso wurina sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai huta. Kada ka fasa kanka a banza." Ya juya. Idonsa bai taɓa sauka a kan allona ba.

Da farko ina rubuta amsa, kuma sau da yawa daidai take, don ina jin wadda ya karɓa daga ƴan gaba. Ran nan sai na ce bari in gwada. Na ɗaga allo ba komai a kai, fes. Ya zo, ya dafa kafaɗata, ya faɗi maganarsa, ya wuce. Washegari na sake. Bayan wannan ban ga amfanin ɓata alli ba. Abin da ban sani ba shi ne, in ka daina rubuta amsa, a hankali sai ka daina nemanta a cikin kanka. Kafin sanyi ya wuce, in ya karanta tambaya sai in ji ta kamar ana magana a gidan maƙwabta.

Mushe mai duka ne, amma ni bai taɓa dukana ba. Aikina shi ne goyo. In za a yi wa yaro bulala, ni nake duƙawa a ɗora mini shi a baya, in riƙe hannayensa a ƙirjina. Wanda na fi goyawa ɗan tafinta ne. Kuskure kaɗan a dikte, Mushe ya cire tabarau yana ihu, "Kai da za ka zama likita! Kai za ka rubuta mini wannan shirme?" Bulala na sauka, ina jin ta ta cikin jikinsa, hawayensa da majinarsa na zuba a wuyana. Wallahi hassadarsa nake yi. Shi ana dukansa ne don ana jiran wani abu daga gare shi. Ni ba abin da ake jira sai jirgi.

Sunan ya fita daga makaranta. Ya je mafita, ya je kasuwa, ya shigo unguwa. Ni kuma na taya su. In yara suka kira, sai in sa yatsu a goshi kamar ƙaho, in tona ƙasa da ƙafa, in yi kukan sa, su watse suna dariya. Na gane in na riga su yi wa kaina dariya, tasu ba ta da zafi sosai.

Wata rana wani yaro ya leƙo ta kan zana ya ƙwala mini kira da sunan. Kaka na tuƙa tuwo. Ta fito da muciya a hannu, yaron ya arce. Ta juyo kaina.

"Wa ya raɗa maka wanga suna?"

"Mushe ne, Kaka. Wasa yake yi."

"Wasa? Ranar sunanka rago aka yanka, ni na raba naman. Shi mi ya yanka?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce baki ne mutumin ya yi mini, ko ya sani ko bai sani ba, don maganar mai koyarwa ba ta faɗuwa ƙasa. Da Baba ya dawo daga tafiya ta tasa shi gaba. Ta ce ya ɗauki goro ya je ya roƙi Mushe ya janye bakinsa daga kan yaronta.

A nan ne ya kamata ka fahimci mutanenmu. Baba bai yarda da lakol ba, yana ganin ta wani nau'in aikin tilas ne na Anasara. Amma shi a wurinsa malami malami ne. Ya tashi ya ga in malamin allo ya dubi yaro ya ce wannan zai yi karatu, wancan a kai shi gona, ba a musu, don malami yana ganin abin da uba ba ya gani. Wannan girman da ake ba malamanmu na zaure, shi Baba ya naɗe ya ɗauka ya kai wa mutumin da bai san ko sunan kakana ba.

Muka je da la'asar. Baba ya sa babbar rigarsa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya miƙa goro. Mushe yana kan kujera, ya ji daɗin zuwan. Sai aka rasa mai fassara, don Hausarsa ba za ta kai ba. Mushe ya nuna ni. Na tsaya a tsakaninsu.

Baba ya ce, "Ka ce masa na zo in ji yadda yaron ga yake a hannunsa."

Na faɗa da Faransanci. Mushe ya gyara tabarau ya yi magana a hankali, yana tsayawa don in juya. Ya ce in gaya wa babana ya haifi yaron kirki. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya gardama, ƙarfi kamar na mutum biyu. Na juya. Baba na gyaɗa kai. Sai Mushe ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce amma nan babu. Karatu ba zai shiga ba, kuma ba laifin yaron ba ne, haka aka yi shi. Kada a matsa masa.

Ba wanda ke jin harsunan biyu a wurin sai ni. Da na ga dama da na ce wa Baba an ce in ƙara ƙoƙari. Tunanin hakan bai ko zo mini ba. Na juya maganar daidai, ban rage ko kalma ba, har yatsan na ɗaga na ƙwanƙwasa goshina. Na ce, "Ya ce nan babu, Baba." Na faɗa kamar yadda zan gaya masa ruwa ya ƙare a randa.

Baba ya dube ni. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, tun da ba ɓarawo ba ne." Ya yi godiya, muka tashi. Maganar janye baki ba ta ko taso ba. A hanya ya ɗora hannu a kaina, abin da bai saba yi ba, ya ce, "Ba komai. Dabbobi na nan, ba su tambayar takarda." Da Kaka ta ji yadda aka yi, ta ce, "Na aike ku a cire baki, kun je kun sa an buga masa hatimi." Ba ta ci tuwo ba ranar.

Na maimaita kilas ɗin, don ba a sa ni cikin masu zuwa Doso ba, kuma Mushe ya ce zai riƙe ni wata shekara. Ɗan tafinta ma ya maimaita, shi don shekarunsa ba su kai ba. A bazarar shekara ta biyu Mushe ya kwanta ciwo, aka tsallaka da shi gida. Aka turo wani saurayi ya riƙe mu, sabon fitowa daga makarantar malamai, ɗan wajen Junju. Ƙaramin mushe muke ce masa. Tuwo yake ci kamar kowa, ba shi da kaya a gulbi.

Ranar da aka saba jirgi na kawo kaya, ƙafata da kanta ta tashe ni. Ya ce, "Ina za ka?" Na nuna masa hanyar gulbi. Ya ce in zauna. Ya karanta tambaya, ya buga tebur, muka ɗaga allo. Ya bi layi har baya, ya karɓi nawa, ya juya shi gaba da baya.

"Ina amsarka?"

Wani daga gaba ya ce, "Mushe, takarkari ne, ba ya rubutu."

Ya ce in fito tablo. Ina tafiya kilas ta fara kukan shanu. Na isa gaba, na juyo, na sa yatsu a goshi kamar yadda na saba. Ban ankara ba sai na ji mari, har alli ya faɗi daga hannuna. Kilas ta yi tsit. Ya ce da Hausa, don kada in ce ban ji ba, "Ni ban ga dabba a nan ba. Ɗauki allin nan."

Kunnena na ƙara, amma wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na manta da shi. An dake ni. Na ɗauki alli. Na daɗe a tsaye, bai ce in huta ba, bai ba wani ba, ya dai harɗe hannu yana jira. Daga ƙarshe amsar ta zo, kamar guga daga rijiya mai zurfi. Bai yabe ni ba. Ya ce layi na biyu akwai kuskure, in gyara.

Daga ranar yake tsare ni bayan an tashi, a gindin mangwaron makaranta, ga zafi, ga ƙuda. Ya ce kalkil ɗina yana nan da ransa, dikte ne ya lalace, kuma dikte ana gyara shi. Yana jan layi ja a ƙarƙashin kurakuraina har takarda ta koma kamar an yanka kaza a kai. Ina son jan layin nan. Amma in na koma gida na kwanta sai wata murya ta ce mini, yaron nan baƙo ne, bai san ka ba tukuna, zai gane.

Da hadari ya fara haɗuwa ya ce zai sa ni cikin masu zuwa Doso. Shekaru ba matsala ba ne, tun da ba mai takardar haihuwa a cikinmu. Abin da ya rage yardar uba. Ya zo gidanmu bayan la'asar, ya zauna a tabarma a zaure, suka gaisa da Baba ba tafinta. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ina rakuɓe a gefe. Kaka na bayan zana, ina jin tarinta.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Mushe, ka sa ni tsaka mai wuya. Babban ya ce babu, kai ka ce akwai. Shi ya daɗe da yaron ga, kai jiya ka zo. Ni ban san wanda zan ƙaryata ba a cikin malamai biyu."

Ƙaramin mushe ya ce, "Baba, ga shi nan zaune. Ku tambaye shi."

A gidanmu ba a tambayar yaro ra'ayinsa. Amma Baba ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, "Kai ne ka san cikin kanka. Akwai ko babu? In akwai ka tafi, ni ba zan tare maka hanya ba."

Ka ga dai ba wanda ya hana ni. Hanya a buɗe, uba ya yarda, malami na roƙo. Ni kuwa abin da na gani shi ne wani babban ɗaki a Yamai cike da sirara irin ɗan tafinta, ni a tsakiyarsu kamar rumbu, wani malami ya shigo ya ɗaga kai ya dube ni, ya gane abin da nake tun kafin in buɗe baki. Na auna ƴan makonnin gindin mangwaro da duk safiyoyin da na yi a mafita. Na ga wancan ya fi nauyi.

Na ce, "Babu, Baba."

Ƙaramin mushe ya zabura. "Ƙarya kake yi! Ni na ga aikinka da idona!"

Na ce, "Mushe, kai dai kirki ne da kai."

Ya dube ni kamar zai sake marina, da ma ya yi. Sai ya nemi takalminsa. A bayan zana tarin ya tsaya. Kaka ta yi wata da watanni ba ta sake kirana mijinta ba, in za ta ba ni abinci sai ta ajiye ta tashi.

Ranar da motar Doso ta zo ɗaukar masu jarrabawa, ni na loda musu tabarmi da buhun gari. Ɗan tafinta ya ci. Bai zama likita ba, amma babba ne a wani ofis a Yamai, in ya zo Gaya yakan sauke gilashin mota ya kira ni da tsohon sunan, don ya nuna bai manta da ni ba. Na bar makaranta ba satifika, na bi Baba da dabbobi. Aka yi gada, manyan motoci suka kashe fataucin dabbobi, na gangaro tasha. Yau ni ne babban ƴan dako. Ina karanta takardar kaya da Faransanci, shoferori masu tuƙa motocin na mamaki.

Na sake ganin Mushe sau ɗaya bayan na girma. Bayan samun mulkin kai ne, lokacin da aka ce mutanen Dahome su koma ƙasarsu, suna ta wucewa ta Gaya da akwatuna da yara. Ashe da ya warke ya dawo koyarwa a ƙasarmu. Na hango shi a bakin gada, ya tsufa, farar rigar ta yi datti. Shekaru ina tara maganar da zan gaya masa. Ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya buɗe hannu ya kira sunan da ƙarfi kamar ya ga ɗansa. Ya matsa damtsena ya ce, ka gani, ai na faɗa, ƙarfinka zai ciyar da kai. Na ɗora akwatinsa a kai na tsallakar masa. Ya tafi yana sa mini albarka. Har ya mutu, in ya mutu, bai san ya yi mini komai ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Yanzu Gaya ta canza. Kolej na nan cikin gari, ba sai an je Yamai ba, malamai ƴaƴanmu ne, Hausa ɗaya muke ji, bulala ma an ce an rage. Da safe sai ka ga yara maza da mata sun cika hanya da jakunkuna. Ƴata ta ƙarshe na cikinsu, mai kai ce, tun tana ƙarama take karanta mini allunan motoci. Bara ta dawo tana ba uwarta labari tana dariya, wai malamin kalkil ya ce ita bakinta na kasuwa ne, gara a ba ta tire ta je gada ta sayar da lemo, yanzu duk kilas Mai Tire suke ce mata. Uwar ta yi dariya. Ni na ajiye cokali, don na san irin wannan dariyar, na san daga inda take fitowa.

Washegari na sa rigar Juma'a na tafi kolej. Malamin yaro ne, bai kai ɗana na fari ba. Ya saurare ni da ladabi, ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, ai wasa ne." Na ce na sani. Ya ce ya daina, kuma na ji ya daina ɗin.

Tana zuwa makaranta har yanzu, ba ta fashi. Kwanan baya na tambayi ƙawarta ko har yau a layin gaba suke zama tare. Ta ce a'a, ta koma baya tun kafin hutu. Na ce wane malami ne ya mayar da ita. Ta ce, "Ba kowa, Baba. Ita ta ɗauki jakarta ta koma."